Karambanin Tela a Libreville

Sana'ata ɗinki ce. Ina da shago kusa da kasuwar Mont-Bouët, kuma duk telan da ke layinmu ya san idan keke ya fara tsinka zare ni ake kira. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka da ka na faɗa aikin injin mota. Mutumin da zai kwance keken Singer filla-filla ya mayar, ba tare da ragowar noti ko ɗaya ba, me zai gagare shi a injin da ko allura ba shi da ita? Abu ne mai hawa da sauka, wani abu yana juya shi, ana zuba masa mai. Girma ne kawai ya bambanta su. Haka na lissafa, kuma har yau ban ga inda lissafin ya karkace ba, in ban da a sakamako.

Ina da wata hujjar. A Kakuri ta Kaduna aka haife ni, inda kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har wajen 2006, shekaru da yawa bayan Faransawa sun daina yin ta a ƙasarsu. Ban taɓa shiga ƙofar kamfanin ba, amma ta gabanta nake wucewa zuwa makaranta, kuma iska ɗaya muka shaƙa da injiniyoyin.

Motar ta kawuna ce, ƙanin mahaifiyata, wanda ya zauna cikin Hausawan Oyem, al'ummar da ta kafu a arewacin Gabon tun zamanin Turawan mulkin mallaka. Peugeot 504 ce doguwa, mai kujeru layi uku. Ya yi shekaru yana jigila da ita tsakanin Oyem da Bitam har bakin iyakar Kamaru: mutane, buhunan albasa, ayaba, da raguna idan layya ta matso. Da ganinsa ya yi rauni sai ya kira ni.

"Zo ka ɗauki tsohuwar nan," in ji shi. "Amma ka bar ta yadda ka same ta."

Na ce to, Kawu. Irin "to" ɗin da ake ce wa manya.

Da ƙafarta ta sauko Libreville. Ta ratsa Mitzic da Ndjolé da Bifoun, ta haye gadar Kango, ta wuce Ntoum, ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Laifinta biyu ne: hayaƙi shuɗi a bayanta, da shan baƙin mai. Wato ringi ya cinye, mai yana haurawa yana ƙonewa tare da fetur. Aikin 'yan kwanaki ne a hannun kowane bakanike.

Matsalar ita ce ina da waya, kuma ina da dare. Cikin bidiyoyi na gano cewa ba ƙaramar mota na gada ba. An fitar da ita a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969, gidan Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta. A 1975 Ove Andersson ya cinye gasar Safari ta Kenya da 504, Hannu Mikkola ya cinye ta Maroko a shekarar. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ɗauki Safari da mai ƙofa biyu, mai injin V6. Na dubi tawa a tsakar gida, da ƙamshin albasar da ya ƙi barin kujerunta, na ji an zalunce ta. Jinin tsere ne a jikinta, aka mai da ita 'yar dako.

Da na tashi neman yardar uwargida, sai na ɗauko babbar hujja. Na gaya mata cewa a 2011 an yi gwanjon 504 ɗin Mahmoud Ahmadinejad, shugaban Iran na lokacin, ƙirar 1977, an saye ta a kan dala miliyan 2.5.

"To kai, Malam, shugaban wace ƙasa ne?" Abin da ta tambaya ke nan, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Akwai wani dattijo mutumin Maraɗi mai gareji a Akébé, wanda gashinsa ya yi fari a ƙarƙashin bonet ɗin Peugeot. Kowa Baba yake ce masa. Ya saurari injin, ya sa tafin hannu a bakin salansa ya shinshina, ya ce ringi ne, in kawo ta jibi in ɗauka ranar Juma'a. Na ce ai ba gyara na zo nema ba, shawara ce tsakanin masu sana'ar ƙarfe. Na zayyana masa shirina: da kaina zan sauya ringi, a aske kan injin, wato kulas, don matsi ya ƙaru, in cire tsohuwar kafireta Solex in ɗora Weber mai maƙogwaro biyu, in yanke tukunyar salansa don numfashi ya fita sosai.

Baba ya daɗe yana kallona.

"Yaro, ba kai ka yi min rigar Sallah bara ba?"

"Ni ne, Baba."

"Ta yi kyau ƙwarai. Ka riƙe wannan."

Da ya ga ba zan riƙe ba, sai ya ba ni gargaɗi biyu. In na ɗaga kulas, kada in juya injin sai na danne silif da ƙusoshi da wasa. Sannan in kira shi kafin in jera wayoyin wuta. Na ce to, Baba.

Dole in yi bayanin silif, domin a nan aka fara yi mini rashin adalci. A yawancin injuna, ramin da fistin ke kai-komo a ciki a jikin tukunyar injin aka huda shi. Na 504 ba haka yake ba. Bututu huɗu ne na ƙarfe ake zurawa cikin tukunyar, ruwan lagireto yana zagaye su kai tsaye, kuma abin da ya raba wannan ruwa da baƙin man da ke ƙasa siririn gasket ne a gindin kowane bututu. Babu abin da ke riƙe da su sai nauyin kulas da ƙusoshinsa. Dabara ce mai kyau, ita ta sa motar ta yi tsawon rai a Afirka: in bututu ya cinye a zare a sa sabo, ba sai an kai tukunya wurin masu huda ba. Amma in kulas ba ya kai, ka juya kiranshaf, fistin zai iya tasowa da bututun, gasket ɗin gindi ya motsa. Daga nan ruwa ya sami hanya.

Na san duk wannan. Na ma fi Baba iya bayaninsa. Sai dai ranar da na ɗaga kulas, yaran unguwa sun taru, har da mai shagon bakin layi, Bamale, da wasu matasa biyu masu gyaran waya. Injin yana kwance a karkace yadda Peugeot ta gina shi, kawunan fistin huɗu suna kallon sama. Wani yaro ya tambaya yadda suke motsi. Ilimi kuwa ba a ɓoye shi. Na sa sifana a kan fulin gaba na juya. Biyu suka hau, biyu suka sauka. Yara suka yi ihu. Na sake juyawa. Na yi musu darasin shaƙa da matsa da fashewa da fitarwa, cikin Faransancina na kasuwa, har Bamalen ya ce ashe injiniya ne ke zaune da su ba su sani ba. A zagaye na nawa ne ban lura ba, bututu na biyu ya ɗan leƙo sama, kaurin farce. Na ɗora guntun katako na buga masa guduma ya koma. Babu wanda ya gani. Abin da ba a gani ba kuwa, a ka'idar ɗinki, bai faru ba. Haka muke yi da kuskuren da ya faɗa cikin kalmasa.

Ringi kuma daga Kano na sa a sayo, don na ji an ce a Ƙofar Ruwa ake samun na asali. Na buga wa ɗan yayata waya na ce na 504 nake so. Ya ce wane? Na ce 504 guda nawa ne a duniya? Saƙon ya biyo fatake ta Kamaru, ya sauka Yaoundé, ya tsallaka kogin Ntem, ya kwana biyu a Bitam wurin wani da ya tafi biki, ya iso hannuna bayan har na daina tambaya. Na buɗe, na gwada, ringi yana rawa a cikin silif. Ashe injin fetur na 504 iri biyu ne aka fi sani: mai cc 1796, faɗin fistinsa milimita 84, da mai cc 1971, milimita 88. Nawa babban ne. Yaron ya aiko na ƙaramin. Yaran yanzu ba sa bincike.

Kafin na biyu ya iso, damina ta kama. Wanda bai zauna Libreville ba bai san ruwa ba. Kusan mita 3 ke zuba a shekara, abin da Kaduna ba ta samun rabinsa, ga iskar teku mai gishiri a kai. Kayan injin da na jera a ƙarƙashin mangwaro na rufe da leda, kowanne da lambarsa da allin tela, suka wayi gari ja wur da tsatsa, allin kuma ya bi ruwa. Na kwashe su na kai ɗaki. Kiranshaf ya yi watanni a ƙarƙashin gadonmu, kuma duk daren da uwargida ta yi tuntuɓe da shi sai ta tuna mini da sunan shugaban Iran.

Mai askin kulas a Oloumi ya auna ya ce lafiyarsa lau, shafa kawai yake so. Na ce a ci sosai. Ya ci, ya tsaya. Na ce a ƙara. Ya ce, "Patron, kuɗinka ne," ya ƙara. Weber kuwa ta hannu na samu, an ciro ta daga wata mota da mai sayarwar bai tuna sunanta ba, kuma ramukanta ba su dace da mazaunin Solex ba, sai da wani mai walda ya yanka mini faranti. Tukunyar salansa na sa zarto na raba ta da motar cikin minti kaɗan. A duk aikin, nan ne kawai komai ya tafi yadda na tsara.

Rani ya shigo, irin na nan, mai lumshi da sanyi-sanyi, na fara haɗawa. Malamina wani dattijon Bafaranshe ne a bidiyo, mai magana a hankali, wanda ba ya tambayar mutum sana'arsa. Na bi shi ƙusa bayan ƙusa. Na ɗaure kulas daga tsakiya zuwa gefe. Na saita bawul. Ranar Asabar 26 ga Agusta 2023, ranar zaɓen shugaban ƙasa, saura wayoyin fulogi kawai. Da yamma dattijon ya ɗauki waya ta farko, ya buɗe baki zai yi bayani, hoton ya tsaya cak. Gwamnati ta yanke intanet a duk ƙasar, ta kuma sa dokar hana fita da dare. Ban sauke bidiyon ba, saboda wayata cike take da hotunan ɗinkin da mata ke turo mini.

Na jira Lahadi, na jira Litinin. Gari ya yi tsit, kasuwa rabi a rufe, kowa yana gida yana jiran sakamako da kunne a tsaye. Zaman banza kuwa ba ya yi wa mai fasaha kyau. Baba ya ce in kira shi, gaskiya ne, kuma layin kira yana aiki. Amma a kira dattijo ya ratso gari a irin wannan hali saboda wayoyi huɗu? Ai rashin tausayi ne. Jerin wutar yana kaina: 1, 3, 4, 2. Ga alamar lamba ɗaya a kan distiributa. Abin da ya rage shi ne wace silinda ce ta ɗaya, wannan kuwa ko ɗan firamare ya san daga gaba ake fara ƙirga, daga wajen lagireto.

Faransawa daga baya suke farawa, daga wajen kuloci. Ban san wanda ya ba su wannan shawara ba.

Ga abin da hakan ke haifarwa. Fistin na ɗaya da na huɗu tare suke hawa. Amma lokacin da ɗaya ya matse fetur, ƙofofinsa a rufe, yana jiran tartsatsi, ɗayan yana gama fitar da hayaƙi ne, bawul ɗinsa biyu a ɗan buɗe, ɗaya zuwa kafireta, ɗaya zuwa salansa. Ni kuma na aika wutar wurin mai buɗaɗɗun ƙofofi. Da safiyar Talata na sa yaron shagona ya murza makulli, ni ina sunkuye a kan Weber ina ba ta fetur da hannu. Injin ya juya, ya juya, bai tashi ba. Na ƙara fetur. Fetur ya cika bututun da ba shi da tukunya.

Ƙara uku ta yi, biyu a jere, ɗaya bayan ɗan shiru, wadda ta fi su duka. Harshen wuta ya fito ta maƙogwaron Weber ya gaisa da fuskata.

Da na dawo hayyacina, babu kowa a layinmu na Nzeng-Ayong. Mai suyar fanke ta bar kaskonta a wuta. Bamalen ya ja ƙofar ƙarfensa har ƙasa. Yaron shagona ya fita ta ɗaya ƙofar motar, sai washegari na sake ganinsa. Maigidan hayarmu mace ce, dattijuwa 'yar ƙabilar Fang, ta fito daga bayan tankin ruwa tana kiran sunayen waliyyai, ta gane ni ne, ta koma kiran wasu sunayen. Uwargida ta leƙo, ta dubi fuskata da kyau.

"An ce garin neman gira akan rasa ido. Kai, Malam, girar ma ka rasa."

Ban gama wanke fuska ba wayata ta yi ƙara. Wani abokin sana'a ne daga Mont-Bouët, muryarsa tana rawa. Ya ce kada in kuskura in fito, an fara harbi a unguwarmu, wani ya gaya masa an ga gawa biyu. Na yi masa godiya, na ce muna cikin ɗaki, Allah ya kiyaye.

Cikin daren nan, kafin asubar Laraba 30 ga wata, hukumar zaɓe ta ce Ali Bongo ya ci da kashi 64 cikin ɗari. Ba a jima ba sojoji suka bayyana a tashar Gabon 24 suka ce sun soke zaɓen, sun rushe hukumomi. Mulkin gidan Bongo, wanda ya faro tun 1967, ya zo ƙarshe, Janar Brice Oligui Nguema ya karɓi ragama. Aka kuma ji harbe-harbe a cikin gari, na gaske wannan karon. Ni duk ban sani ba, ina barci. Abin da ya tashe ni dukan ƙofa ne kamar za a ɓalle ta. Na buɗe, ga dattijuwar nan da fitila a hannu.

"Tela! Ban ce ka rabu da motar nan ba? Da tsakar dare kuma?"

Na rantse mata ban taɓa ta ba. Ba ta yarda ba. Ta ja ni har gindin mangwaro, ta ɗora hannu a kan bonet, ta ji shi da sanyi. Wani maƙwabci ya leƙo ta taga ya ce juyin mulki aka yi. Ta sauke ajiyar zuciya.

"Ashe sojoji ne," in ji ta, ta koma ta kwanta.

A ranar intanet ya dawo. Dattijon Bafaranshe ya ƙarasa jimlarsa, ya nuna silindar baya da yatsa. Na sauya wayoyi, bugu ɗaya injin ya tashi, da rugugin da ya sa tantabarun unguwa suka bar rufin gidaje. Na fita titi. Jama'a sun cika gari suna murna, suna rungumar sojoji, suna jin ƙarata suna buɗe mini hanya suna ɗaga hannu. Na ɗaga musu ni ma. Mutum ba ya zaɓar dalilin da za a yi masa tafi.

Da ƙura ta lafa na ɗauki hanyar Ntoum don gwaji na sosai. Tun kafin PK12 na fara jin wani ƙyal-ƙyal a cikin injin duk lokacin da na taka a hawa. Askin Oloumi ne: matsi ya yi yawa, fetur yana fashewa kafin lokacinsa. Allurar mai tana sauka ina kallo, don Weber ba ta san tsada ba. Allurar zafi tana hawa. Wajen Nkok, inda manyan motoci ke shiga da gungumen okume, tsohuwa ta yi farin hayaƙi ta tsaya. Na zaro sandar gwajin mai. Maimakon baƙi, wani abu ne fari-fari mai kauri ya biyo ta, abin da bakanikan nan ke kira mayonez. Lagireto kuma babu ko ɗigo.

Baba ya iso a tasi da igiya. Ya dubi sandar, ya dubi Weber, ya leƙa ƙarƙashi inda salansa take a da, ya dubi inda girata take a da.

"Ka juya ta ba ka danne silif ba."

"Kaɗan ne, Baba. Yara ne suka nemi gani."

"Wagga mota ta ɗauki raguna sha biyu ta hau tudun Oyem. Ta sha ruwan rafi, ta sha man kwalba. Mi ta yi maka?"

Na fara yi masa bayanin Ove Andersson. Ya ce in riƙe sitiyari, kuma kada in taɓa komai in ban da birki.

Ya sauke injin gaba ɗaya. Ya sa sababbin gasket a gindin silif, ya auna tsayin kowanne da haƙurin da ban san ana bukata ba, ya sauya metal ɗin kiranshaf da ruwa ya lalata. Kulas ɗina ya ce sai dai a yi tukwane da shi, ya nemo wani a wurin masu fasa tsofaffin motoci. Solex aka nema aka rasa, sai ga ta a ƙofar kicin, uwargida tana tokare ƙyaure da ita, kuma sai da aka yi ciniki kafin ta saki. Aka sayo tukunyar salansa aka mayar. Kuɗin duka ya ci injin surfanina, don haka yanzu in an kawo aikin wuya sai in kai wa maƙwabci, in ce nawa yana wurin gyara. Weber tana shago, ina danne shadda da ita lokacin yanka, kuma ban taɓa samun abin da ya kai ta wannan aiki ba.

Kawu ya bugo waya bayan Sallah yana tambayar tsohuwa. Ya ce yana fata na bar ta yadda na same ta. Na ce tana nan daidai yadda ya ba ni, ko noti ba a canza wa wuri ba. Ya sa mini albarka, ya ce ya san ni yaro ne mai jin magana.

Wani mai kawo mini ɗinki, ma'aikacin kamfanin mai, ya ce akwai gawar 504 mai ƙofa biyu a bayan wani gida a Port-Gentil, jiki ya ruɓe amma injin V6 ɗin yana ciki, mai cc 2664. Babu hanyar mota mai kyau daga can zuwa Libreville, sai jirgin ruwa ko na sama. Na auna ɗakin injin tawa da tef ɗin ɗinki, kuma a ganina zai shiga in an ɗan matsar da batir. Na sa a tambayo mini kuɗin dako zuwa tashar jiragen ruwa, na kuma roƙi mutumin, in zai kira, ya kira lambar shago.